Kod ɗin maj7 a jita: tambayoyin da masu koyo a Gombe suka fi yi

Tambayoyin nan daga bakin masu koyon jita suka fito: matasan da ke kiɗa a coci, masu zaman situdiyo a cikin garin Gombe, da waɗanda ke turo saƙo daga Kaltungo da Billiri. Duk amsoshin a kan saitin da aka saba suke, wato E A D G B E, daga tsirkiya mai kauri (ta 6) zuwa siririya (ta 1). In ka ga lambobi shida a jere, kamar x32000, kowace lamba tsirkiya ɗaya ce, ana farawa daga mai kauri. Lambar ita ce firet ɗin da za ka danna (gurbin da ke tsakanin ƙarafan wuyan jita), 0 na nufin ka bar tsirkiyar a sake, x kuma kada ka taɓa ta.

Mene ne maj7 ɗin ma tukuna?

Kod ne mai sauti huɗu da ake kaɗawa tare. Kod ɗin mejo da ka riga ka sani sauti uku gare shi: na ɗaya, na uku da na biyar a jerin sautukan kii, wato jerin da waƙa ke tafiya a kai. A kii ɗin C ke nan C, E, G. In ka ɗora na bakwai a kai, wato B, ka sami Cmaj7: C, E, G, B. Wanda ya tashi a ƙungiyar mawaƙa ya fi gane shi da solfa: do, mi, so, ti.

In da firet kake ƙirge, daga tushen kod ɗin, wato sautin da kod ɗin ya ɗauki sunansa, ka hau 4 ka sami na uku, ka hau 7 ka sami na biyar, ka hau 11 ka sami na bakwai. In ka hau 12, tushen ne ya dawo a sama. Don haka ba sai ka ƙirga goma sha ɗaya ba: nemi tushen a sama, ka ja baya firet ɗaya tak. Na bakwan G shi ne F#, na D shi ne C#, na F shi ne E (alamar # na nufin firet ɗaya sama, ƙaramin b kamar na Bb kuma firet ɗaya ƙasa). A takarda za ka gan shi an rubuta Cmaj7, ko CM7 da babban M, ko C da ɗan alwatika a gefensa. Duk abu ɗaya ne. Amma Cm7 da ƙaramin m wani kod ne daban, na maino.

Malam, ashe C7 da Cmaj7 ba ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma nan ne aka fi yin tuntuɓe. C7 yana da C, E, G, Bb. Cmaj7 yana da C, E, G, B. Firet ɗaya ne tsakaninsu, amma aikinsu ya sha bamban. C7 ba ya zama wuri ɗaya. Da ka buga shi kunne zai fara jiran F. Dalili shi ne tazarar da ke tsakanin E da Bb, firet shida cif, tazara ce mai neman a warware ta. Cmaj7 ba shi da wannan tazarar. Tsakanin E da B firet bakwai ne, daidai da tsakanin C da G, shi ya sa yake iya zama daram ba tare da ya tura ka ko'ina ba.

Ka ji da kunnenka a kan D, domin a nan tsirkiya ɗaya kawai ke sauyawa. Buga xx0232, D ke nan. Sannan xx0222, Dmaj7. Sannan xx0212, D7. Ka ƙare a G. Saurari tsirkiya ta 2 tana gangarowa D, C#, C, sannan ta sauka a B na kod ɗin G. Haka ma a kan A: x02220, x02120, x02020, sai D. Wanda ya yi wannan gangaren da kyau ba zai sake rikita biyun ba.

Wanne zan fara koya?

Cmaj7, saboda ya fi C ɗin kansa sauƙi. Riƙe C yadda ka saba, ka ɗaga manuniya daga tsirkiya ta 2. Shi ke nan: x32000.

Daga nan sai Fmaj7, xx3210. Yatsa na uku a firet na 3 na tsirkiya ta 4, na tsakiya a firet na 2 na tsirkiya ta 3, manuniya a firet na 1 na tsirkiya ta 2, siririyar kuma a sake. Masu koyo da yawa da F mai danne duk tsirkiyoyi ya gagara suna fakewa da wannan, suna kiransa F, ba su san sun riga sun shiga maj7 ba. Sauran na kusa da kan jita su ne Amaj7 (x02120), Dmaj7 (xx0222, yatsa ɗaya a kwance ya isa), Emaj7 (021100) da Gmaj7 (320002). Wannan Gmaj7 ɗin ba ya burge ni sosai, domin F# yana can sama shi kaɗai yana tsini. Akwai wanda ya fi shi, yana nan tafe a ƙasa.

Me ya sa yake da daɗi amma kuma kamar akwai wani abu da bai kwanta ba a cikinsa?

Saboda kod biyu ne a tukunya ɗaya, sannan akwai sautuka biyu a ciki da ba sa ga maciji. Cire C daga Cmaj7, abin da ya rage E, G, B ne, wato Em cikakke. Ƙasan mejo, saman maino. Shi ya sa wani zai ce yana jin natsuwa, wani ya ce kewa yake ji, kuma duk sun yi gaskiya. Fmaj7 ma haka: cire F, ka bar A, C, E, wato Am. Duba yatsunka ma za ka gani, x02210 da xx3210 yatsa ɗaya ne ya raba su.

Sautukan da ba sa jituwa kuwa su ne tushe da na bakwai, C da B. Tsirkiya ba sauti ɗaya take fitarwa ba. In ka kaɗa C na firet na 3 a tsirkiya ta 5, tana karkarwa sau 131 a daƙiƙa, amma a tare da wannan tana fitar da ninkinsa, wajen 262. B na tsirkiya ta 2 kuma yana kan 247. To 262 da 247 sun yi kusa ƙwarai, bambancin wajen 15 ne, sai su riƙa gogar juna. Wannan ɗan kaɗawar da kake ji kamar kod ɗin yana numfashi, daga nan take.

Yawan gogar ya danganta da inda ka ajiye su. C da B kamar kishiyoyi ne: kowacce a ɗakinta, da tsakar gida a tsakani, sai a gaisa lafiya, a haɗa su ɗaki ɗaya, unguwa ta ji. In C na ƙasa, B na sama da firet 11, E da G suna tsakani, sauti ya yi laushi. In ka kifa su, B a ƙasa C na bisa kansa da firet ɗaya, sai ya yi kaifi. Gwada: danna firet na 4 a tsirkiya ta 3, da firet na 1 a tsirkiya ta 2, ka kaɗa su tare. Sautuka iri ɗaya ne da na cikin Cmaj7, amma kunne zai ce maka a'a. Ƙwararru suna amfani da wannan kaifin da gangan. Mai koyo dai ya fara da raba su.

A ina ake sa shi a cikin waƙa?

A kii ɗin mejo wuri biyu ne gidansa: kod na ɗaya da na huɗu. In ka ɗora sauti na huɗu a kan kowane kod na kii ɗin C ba tare da ka fita daga jerin sautukansa ba, ga abin da za ka samu: Cmaj7, Dm7, Em7, Fmaj7, G7, Am7, Bm7b5. Lura da na biyar. G7 ne, ba Gmaj7 ba. Gmaj7 yana ɗauke da F#, kuma babu F# a kii ɗin C. Mai koyo da ya ɗanɗana daɗin maj7 yakan bi duk kod ɗin mejo yana liƙa masa, ya zo kan na biyar ya kashe masa ƙarfin da yake da shi na mayar da waƙa gida.

A kii ɗin G: Gmaj7 da Cmaj7, na biyar D7. A D: Dmaj7 da Gmaj7, na biyar A7. A F, wanda mawaƙan coci ke yawan so: Fmaj7 da Bbmaj7, na biyar C7. In waƙar maino ce, misali Am, maj7 yana zama a na uku da na shida, wato Cmaj7 da Fmaj7 ɗin dai.

Zagaye biyu sun isa ka fara. Na farko Dm7, G7, Cmaj7 (xx0211, 320001, x32000), wanda shi ne ƙashin bayan kiɗan jaz. Na biyu Am7, Fmaj7, C, G, wanda za ka ji irinsa a waƙoƙin zamani ba iyaka.

Zai shiga da waƙoƙinmu na Hausa kuwa?

Zai shiga, amma ba ko'ina ba, kuma wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan.

Da yawa daga cikin karin waƙoƙinmu a kan sauti biyar suke tafiya: do, re, mi, so, la. Babu fa, babu ti. Ka saurari waƙar daka, ko ta gaɗa, ko amshin zumuntar mata, ka bi da jita, sau da yawa za ka tarar muryar tana tsallake waɗannan biyun. Jerin sauti biyar ɗin nan ba shi da tazarar firet ɗaya ko guda, duk tazararsa biyu ce ko uku. Maj7 kuwa ransa gaba ɗaya tazarar firet ɗaya ce. Wato kana shigo da abin da karin bai taɓa nema ba, don haka dole ka san inda za ka ajiye shi.

Ga yadda abin yake. Ɗauki kod na huɗu, Fmaj7: fa, la, do, mi. Uku na sama, la da do da mi, duk 'yan gida ne a jerin sauti biyar. Fa ɗin yana ƙasa, jita ce ke riƙe da shi, muryar ba za ta je can ba. Rikicin maj7 yana tashi ne in murya ta tsaya a kan tushen kod ɗin, tunda na bakwai yana firet ɗaya ƙasa da shi. To mai waƙar sauti biyar ba ta rera fa, saboda haka wannan rikicin ba shi da ƙofar shigowa. Duk inda karin ya bi, do ne, mi ne, la ne, Fmaj7 zai karɓe shi. Hasali ma ya fi F tsura dacewa, domin in murya ta zauna a mi, F tsura ba shi da mi a cikinsa, Fmaj7 kuwa yana da shi.

Kod na ɗaya kuma labarin ya juya. Cmaj7 shi ne do, mi, so, ti. Tushensa do ne, kuma do ne masaukin waƙa. Nan jagora ke sauke baiti, nan 'yan amshi ke ƙarewa, kuma sukan ja shi da tsawo. Kai kuma kana kaɗa ti a tsirkiya ta 2. Murya tana C, jita tana B, su yi ta goga har baitin ya ƙare. Ba wanda zai ce maka ti ne ya yi laifi, sai dai a ce jitar ba ta saitu ba.

Don haka a waƙar gida, ka sa maj7 a na huɗu hankali kwance. A na ɗaya kuwa sai ka saurari muryar: in tana kan mi ko so, ko ta yi shiru tsakanin baiti da baiti, Cmaj7 zai yi kyau ƙwarai. In tana kan do, ka bar shi. Waƙar da ke sauka a la, mai ɗanɗanon maino, ta fi kowace sauƙi: Am da Fmaj7 kawai za su iya ɗaukar ta daga farko har ƙarshe.

Wani abu kuma. In kana kiɗa tare da mai goge ko mai garaya ko gurmi, ka tuna kayansu ba su da firet, kuma ba dole ne sautukansu su faɗa daidai inda firet ɗin jita ya yanka ba. Kod mai sauti huɗu yana ƙara wuraren da za ku iya saɓawa. A irin wannan zama, sau da yawa sauti biyu, tushe da na biyar, sun fi mutunci. Garaya ita ce babba a wurin, jita rakiya ta zo.

Shugabar mawaƙanmu ta ce in daina wannan kod ɗin a ƙarshen waƙa. Ni kuma ina jin C tsura ya yi fayau. Me zan yi?

Mama tana da gaskiya, kunnenta ya ji abin da aka bayyana a sama. Waƙoƙin da ke cikin littafin waƙoƙi na coci kusan duk a do suke ƙarewa, kuma murya huɗu ne ke riƙe da kod ɗin tsura. Ba su bar wa ti wuri ba.

In kana son ado, akwai biyu da ba sa faɗa da do. C6, x32210, yana sa la a madadin ti. Cadd9, x32030, yana sa re. La da re duk suna cikin sauti biyar ɗin, kuma babu wanda ke firet ɗaya da do. Masu jaz ma haka suke yi, in karin ya sauka a tushe sai su musanya maj7 da 6. In kuma ranka na kan maj7 ɗin, jira mawaƙa su rufe baki, sannan ka saki x32000 a hankali kai kaɗai. A wurin zai yi kyau, ba kuma wanda zai harare ka.

Kii ɗin Eb ko Bb fa? Siffofin kan jita ba sa kai ni can.

Nan ne siffofi masu tafiya suke shigowa. Guda biyu sun wadatar.

Ta farko tushenta a tsirkiya ta 6. Gmaj7: 3x443x. Manuniya a firet na 3 na tsirkiya ta 6, yatsan tsakiya a firet na 3 na tsirkiya ta 2, yatsa na uku a firet na 4 na tsirkiya ta 4, ƙaramin yatsa a firet na 4 na tsirkiya ta 3. Ka ɗan kwantar da manuniya ta shafi tsirkiya ta 5 don ta yi shiru. Wannan shi ne Gmaj7 ɗin da na ce ya fi, domin F# ya koma tsakiya, B da D sun rufe shi ta sama. Ja siffar zuwa firet na 5 ka sami Amaj7 (5x665x), na 6 Bbmaj7 (6x776x), na 8 Cmaj7 (8x998x). In ka dawo firet na 1, Fmaj7 ne mai nauyi, 1x221x.

Ta biyu tushenta a tsirkiya ta 5. Cmaj7: x35453. Manuniya ta kwanta a firet na 3 daga tsirkiya ta 5 zuwa ta 1, sauran yatsu uku su yi ɗan alwatika a firet na 5, 4, 5. In ka duba da kyau Amaj7 ɗin nan ne na x02120 aka ɗaga sama. A firet na 1 Bbmaj7 ne (x13231), a na 5 Dmaj7, a na 6 Ebmaj7 (x68786).

Amfanin sanin biyun shi ne kod na ɗaya da na huɗu suna zama a firet guda. Gmaj7 a tsirkiya ta 6, Cmaj7 a tsirkiya ta 5, duk a firet na 3. Bbmaj7 da Ebmaj7 duk a na 6. Hannu ba ya yawo.

Hannuna ƙarami ne, danne tsirkiyoyi da yatsa ɗaya yana ba ni wuya.

Bar siririyar: x3545x. Manuniya ta danna tsirkiya ɗaya kawai, kuma ba abin da ya ragu, sautuka huɗun suna nan. Girman hannu ba shi ne matsalar ba galibi, babban yatsa ne ke hawowa saman wuyan jita. Mayar da shi baya, wajen tsakiyar wuyan, yatsun za su buɗe.

Kafo zai taimaka?

Sosai. Kafo shi ne ɗan matsewar da ake ɗaurawa a wuyan jita ya danne duk tsirkiyoyi a firet ɗaya. Siffar Cmaj7 da kafo a firet na 1 ta zama Dbmaj7, a na 2 Dmaj7, a na 3 Ebmaj7. Siffar Amaj7 da kafo a na 1 ta zama Bbmaj7. Ba ragwanci ba ne, tsirkiya a sake tana da amon da danniya ba ta bayarwa. Sai dai ka sake duba saiti bayan ka ɗaura shi, domin kafo mai matsi da yawa yana ɗaga sauti.

Muna da mai fiyano da mai bes. In na buga cikakken kod sai kiɗan ya cushe.

Saboda ku uku kuna faɗin magana ɗaya a lokaci ɗaya. Mai bes ya riga ya riƙe tushe, ba ya bukatar ka taya shi. Abin da ke nuna cewa kod maj7 ne sauti biyu ne kacal, na uku da na bakwai. Na biyar ana iya zubar da shi ba a ji giɓi ba. In kai kaɗai ne da mai ganga, buga uku: x324xx don Cmaj7, 3x44xx don Gmaj7. In akwai bes, ka hau sama ka buga maino ɗin da ke cikin kod ɗin a tsirkiyoyi uku na ƙarshe: Em in ana kan C, Am in ana kan F, Bm in ana kan G. Kai Em kake bugawa, amma jama'a Cmaj7 suke ji, tunda bes ya cike ƙasan.

Ku kuma yi magana kafin a fara. In mai fiyano ya buga C7 kai ka buga Cmaj7, Bb da B za su haɗu, kuma ba injiniyan sautin da zai iya gyara wannan. In jitar lantarki ce, rage ƙarar nan mai kaushi ta kiɗan rok. Tana ninka gogar da ke tsakanin tushe da na bakwai har kod ɗin ya zama hayaniya. Maj7 sauti mai tsabta yake so.

Na danna komai daidai amma ba ya daɗi kamar na bidiyo.

Fara da saiti. Kod mai sauti uku yana yafe ɗan kuskure, maj7 ba ya yafewa, musamman tsirkiya ta 2 da ta 3. Saita da manhajar waya a kan A 440 (A mai karkarwa sau 440 a daƙiƙa), sannan ka kaɗa tsirkiyoyin kod ɗin ɗaya bayan ɗaya ka ji wacce ta mutu. A Fmaj7 yawanci cikin manuniya ne ke taɓa siririyar, ita kuwa ita ce na bakwan gaba ɗaya. In ta mutu, F ka buga. A Cmaj7 kuma ka kiyayi tsirkiya ta 6, in ta yi ƙara E zai koma ƙasa, kod ɗin ya karkata zuwa Em.

Sai yanayin garinmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busar da katako. Jitar katako ta fi son danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturun Gombe da Bauchi kuwa yana sauka ƙasa da haka nesa. Katakon ya tsuke, bakin firet ya fito yana kartar hannu, tsirkiya ta fara zizar firet, wani lokaci fuskar jitar ta tsage. Ka riƙa ajiye ta a jakarta. Sami ɗan soso ka jiƙa, ka matse shi sosai, ka sa a robar sabulu mai huji, ka ajiye cikin jakar ba tare da ruwa ya taɓa katako ba. Kada ka bar ta a mota da rana a watan Maris ko Afrilu, zafi yana sassauta gam. Da damina kuma tsatsa ce abokiyar gaba: goge tsirkiyoyi da ƙyalle bayan kowane kiɗa. Tsohuwar tsirkiya ba ta riƙe saiti a firet na sama, sai ka ga x32000 ya yi daidai amma 8x998x ya karkace.

In ana kan Cmaj7, wane sauti zan bi in ina tsinkar kari?

Fara da sautukan kod ɗin kansa. Tsirkiya ta 5 firet na 3, tsirkiya ta 4 firet na 2 da na 5, tsirkiya ta 3 firet na 4 da na 5: C, E, G, B, C. Hau ka sauko har yatsu su haddace.

Duk jerin C zai yi, ban da tsayawa a kan F. F yana firet ɗaya sama da E, in ka daɗe a kansa sai ya danne kod ɗin. Wucewa ta kansa ba laifi. Wasu suna ɗaga shi zuwa F#, sai sautin ya yi wani iri kamar yana shawagi. A kan Fmaj7 a kii ɗin C wannan yana zuwa da kansa, tunda B yana cikin kii ɗin.

Ga wata dabara da ta dace da hannun da ya saba da sauti biyar. A kan Cmaj7, buga jerin sauti biyar na Em: E, G, A, B, D. Babu C a ciki, babu F, wato ka kauce wa duk wuraren rikici, ga kuma B yana fitowa fili. Yatsunka suna tafiyar da suka saba, launi ne kawai ya sauya.

Daga wane kiɗa ya fito?

Ya daɗe a kiɗan Turai, amma da can sauti ne da ake wucewa ta kansa a warware shi, ba a zama a kai. Daga ƙarshen ƙarni na 19 aka fara barinsa ya tsaya da ƙafarsa. Misalin da aka fi kawowa shi ne Gymnopédie ta farko ta Bafaranshe Erik Satie, ta 1888, wadda ta buɗe da Gmaj7 da Dmaj7 suna karɓa-karɓa. Masu jaz a Amurka suka mayar da shi kod na gida, bosa noba ta Brazil ta ɗauke shi a ƙarshen shekarun 1950 a kan jita mai tsirkiyar roba, daga baya ya cika kiɗan sol da na bishara na baƙaƙen Amurka. Ta wannan hanyar ta ƙarshe ya fi shigowa kunnen matasanmu, ta hannun masu fiyano a coci da masu haɗa kiɗa a situdiyo.

Yaya zan koya wa kunnena gane shi ba tare da na ga hannun mai kiɗa ba?

Da bakinka. Buga C tsura, ka rera do, sannan ka sauke murya kaɗan zuwa ti ka riƙe, jitar tana ci gaba da ƙara. Da farko muryar za ta riƙa zamewa, ko ta koma do ko ta faɗa la, domin can ta saba sauka. Riƙe ta a ti har ka ji gogar a ƙirjinka. Sannan ka sami abokin koyo ku juya wa juna baya. Shi ya buga ɗaya daga cikin D, Dmaj7 da D7 yadda ya ga dama, kai ka faɗi wanne ne, sannan ku yi musanya. In kun ƙware a D ku koma A, daga nan ku koma siffofi masu tafiya a firet na 6 da na 8, inda babu tsirkiya a sake da za ta ba ka satar amsa.